Tafasa da Shanya: Nazari kan Abincin Farkon Damina a Ƙasar Daura

A ƙasar Daura, wato ƙananan hukumomin Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, ruwan shuka ya fi sauka a watan Yuni, gero kuma yana bukatar kimanin wata uku kafin a fara cin tumu. Waɗannan watanni uku su ne mafi wuya a shekarar manomi. Rumbu ya yi ƙasa, an ɗebi iri daga ɗan abin da ya rage, tiyar hatsi ta yi tsada a kasuwa, kuma a daidai lokacin ne noman firi da maimai suke neman ƙarfin kowa a gidan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, amma a nan aikin ya fi yawa ne a lokacin da cikin ya fi zama fayau. Abin da ya daɗe yana riƙe gidajen karkara a wannan tsakani shi ne wani tsari da mata suka fi kowa saninsa: tsinkar ganyen da Allah ya fitar a daji da gefen gona, shuka kayan miya a bayan gida, da shanya rarar domin rani. Ra'ayina shi ne waɗannan ukun abu ɗaya ne, tsari ne da ya dace da ƙasar da yanayinta, kuma abin da ke barazana gare shi a yau yana can inda ganyen ke tsirowa, tun kafin a zo maganar yadda za a adana shi.

Tsarin yana bin kalandar tsirrai ne daki-daki. Tun cikin bazara, kafin ɗigon ruwa ya taɓa ƙasa, yaɗiya tana nan kore shar a kan jigawa, domin saiwarta na da zurfi. Kuka ta fara fitar da sabon ganye, ɗinya ta ba da ɗinkin, aduwa ta ba da dubagira. Da ruwa ya sauka sau biyu ko uku, cikin 'yan makonni tafasa za ta rufe bakin hanya da burtali da kufai, ta kuwa yi yawa ne saboda dabbobi ba su cika cin ɗanyenta ba. Gasaya da zaƙi-banza sun fi son inda taki ya taru, kusa da turke ko juji. Lalo da karkashi suna fitowa a cikin gona tsakanin kunyoyin gero. Duk waɗannan ba wanda ya shuka su. A bayan gida kuwa, ko a wani lungu na tsakar gida da aka kewaye da ƙaya saboda awaki, uwar gida ta riga ta jefa irin kuɓewa da rama da yakuwa da kabewa, ga zogale a jikin danga. Ganyen daji yana ciyar da gida daga Yuni zuwa Yuli, kafin ya tsufa na bayan gida ya kawo, kafin wannan ya ƙare gero ya nuna. Wanda ya kalli kowanne shi kaɗai zai raina shi, sai an jera su ake ganin babu makon da aka bari fanko.

A dubi kwaɗon tafasa da kyau. Yarinya ko tsohuwa za ta fita da sassafe ta tsinko kan ganyen, mai taushi, ta bar tushen ya sake tofo. A gida a tsince, a wanke sau da yawa saboda yashin da ruwan sama ya fantsama masa, a dafa har ɗacin da warin su ragu, a tsame a matse da hannu. Sannan a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a zuba ɗan man gyaɗa, a cakuɗa. Kwano ɗaya na wannan ya haɗa ganye mai sinadarin ƙarfe da abin da jiki ke sarrafawa ya zama bitamin A, da ƙuli mai gina jiki, da man da sai da shi hanji ke iya tsotse bitamin ɗin. Matan da suka daidaita wannan haɗi ba su karanta ilmin abinci ba, amma likitan abinci ba zai sami abin gyarawa a ciki ba. Dambu ma haka yake: tsakin da ba zai ishi mutum biyar ba, in aka cika shi da rama ko zogale sai ya ishe su.

Suka ta farko da ake yi wa wannan abinci ita ce abincin yunwa ne, alamar gidan da ya gaza, kuma ci gaba shi ne mutane su wuce shi. Sukar tana da tushe a tarihi. A yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, da farin 1972 zuwa 1974, da na 1984, mutanen wannan yanki sun koma daji neman abin kaiwa baki. Michael Watts, wanda ya yi bincike a Kaita cikin ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa a 1983, da Michael Mortimore, wanda nasa littafin kan yadda manoman Arewa ke jure fari ya fito a 1989, duk sun rubuta yadda tsirran daji suka zama madogara idan hatsi ya ƙare. A 2005 ma, da yunwa ta afka wa Maraɗi da Damagaram, duniya ta ga hotunan mata suna jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don cire ɗacinsu. Sai dai masu sukar suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Anza ba a nemanta sai wuya ta yi wuya. Tafasa da rama da zogale kuwa ana cinsu a shekarar ƙoshi, ana tallarsu a cikin garin Daura, ma'aikaci mai albashi yana aika yaro ya sayo masa kwaɗo da yamma. Gaskiya ne ganye ba ya maye gurbin hatsi, kuma yaron da ke rayuwa a kan ganye kaɗai zai rame. Amma yaron da ke cin tuwo da koko zalla shi ma yana cikin hatsari, irin wanda ba a gani da wuri: ƙarancin jini, raunin gani da dare, saurin kamuwa da cuta. Gidan da ya daina cin ganye don kada a ce masa matalauci, ya kuma kasa sayen nama da ƙwai, ya yi asara ta fuska biyu.

Sashe na uku, shanya, shi ne ya mayar da abin ya zama tanadin shekara. A tsakiyar damina, lokacin marka, iska na da laima, abin da aka shanya yana iya yin fumfuna, don haka a lokacin an fi cin ɗanye. Da ruwa ya fara janyewa a ƙarshen Satumba, iska ta bushe, sai aikin ya kankama. Kuɓewa a yanka ta ƙanana, a baza a tabarma ko a kan soro, a riƙa juyawa har sai ta bushe ƙayau tana karyewa a hannu, a zuba a buhu ko tulu, a daka gwargwadon miyar rana. Ganyen kuka a sauko da shi kafin ya zube, a busar, a daka, a tankaɗe. Haka karkashi da lalo da yakuwa da ita kanta tafasar. Kalwa ta zama daddawa, 'ya'yan yakuwa su zama daddawar batso, ganyen albasa a kirɓa a dunƙula ya zama gabu. Idan rani ya yi, masu lambu a fadamu da bakin madatsun ruwa irin Daberam da Sabke suka cika kasuwa da tumatir har farashinsa ya faɗi, sai a yanka a shanya ya zama kauɗa, tattasai da barkono su ma a busar. Da wannan ne uwar gida ke kaɗa miya a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ɗanyen ganye ya yi ƙaranci a fili.

Suka ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, kuma daga masu ilmi take fitowa. Suna cewa shanya hanyar da ce, duniya ta koma adana kayan lambu a kwalba da gwangwani da firji, ya kamata a koya wa matan karkara haka. Adanawa a kwalba fasaha ce ta gaske. Bafaranshe Nicolas Appert ya bayyana ta a 1810, kuma a karkarar Amurka da Turai iyalai na cika kwalabe da wake da tumatir a lokacin zafi domin hunturu. Amma a duba abin da take bukata. Kayan da ba su da tsami, irin kuɓewa da kabewa da ganyaye, tafasa su a ruwa ba ya kashe ƙwayar cutar da ke haifar da gubar botulizim, mai shanye jiki har ta kashe mutum. Sai zafi ya kai wajen digiri 121, wanda ba a samu sai da tukunya ta musamman mai matse tururi, da murfi mai kama iska, da wuta mai ƙarfi ta tsawon lokaci. A ƙauyen da itacen girki ya zama abin saye, wannan kuɗi ne da hatsari a lokaci guda, ga shi kwalbar da ta lalace ba kullum take nuna alama ba. Firji kuwa sai da wutar da ba ta yankewa. Ƙasashen Turawa da yawa ba su da rana da busasshiyar iskar da za su dogara da ita wajen shanya. Daura tana da wata bakwai zuwa takwas na wannan kyauta. Inda kwalba ke da amfani a nan shi ne tumatir, saboda tsaminsa, kuma matan birni sun riga sun gano haka: suna niƙa shi su dafa har ruwan ya ƙone, su ɗura a kwalbar Bama, su sake dafa kwalbar. Wannan ƙari ne mai kyau idan an kiyaye tsafta, amma bai taɓa kuka da kuɓewa ba, waɗanda su ne miyar yau da gobe.

Wannan ba ya nufin shanyar da ake yi ba ta da aibu. Duk wanda ya bi hanyoyin Arewa da rani ya ga tumatir da barkono a baje a gefen kwalta ko a kan ƙasa tsirara, ƙura na sauka, awaki na ratsawa. Kauɗar da ta yi baƙi ta cika da yashi ita ta sa wasu ke ƙyamarta. Rana mai zafi kuma tana cinye bitamin na ganye. Binciken da aka yi a Mali kan ganyen kuka ya nuna wanda aka busar a inuwa ya fi riƙe sinadarin bitamin A nesa ba kusa ba, kuma tsofaffi sun san kukar inuwa ta fi kore da daɗi. Gyaran duk mai araha ne: gado na kara da ya ɗaga daga ƙasa, yadi mai tsafta, rumfa mai shan iska domin ganye, rana domin tumatir da kuɓewa, da mazubi mai murfi da zai hana ƙwari da laima.

Babbar matsalar tana gona. Jama'a sun ƙaru, gonaki sun rarrabu wajen gado, saura ta kusa ɓacewa, an cinye burtali da makiyaya da noma a wurare da yawa, kuma a irin waɗannan filaye ne tafasa da yaɗiya suke. Sai ga maganin feshi ya shigo. Manomin da ya fesa gonarsa ya kashe lalo da karkashi da gasaya tare da sauran ciyawa, wanda ya tsira a gefe kuma ba a san ko ya sha magani ba, yarinyar da ta tsinko shi ba ta da hanyar ganewa. Fartanya tana zaɓe, mai noma yana ganin karkashi ya kewaye shi ya bar wa matan gida. Feshi ba ya barin komai. Manomi zai ce kuɗin 'yan ƙwadago ya fi ƙarfinsa, matasa sun tafi birni, in bai fesa ba ciyawa za ta cinye geron. Maganarsa gaskiya ce, ba kuma wanda ke da ikon ce masa ya koma jiya. Amma lissafin da yake yi bai cika ba, domin ya ƙirga kuɗin noman da ya rage, bai ƙirga kayan miyar da gidansa zai saya daga Yuni har zuwa wata bazarar ba. Dalili kuwa sananne ne: feshi shawarar maigida ce, miya kuma nauyin uwar gida, ganyen da ba a sai da shi a buhu ba ba ya shiga lissafin kowa. Itatuwa ma haka: kukar da aka sare ko ɗorowar da ta mutu ba a dasa wata ba, an rasa miyar shekaru masu yawa.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga cewa ana iya juya wannan. Daga tsakiyar shekarun 1980, manoman jihar Maraɗi suka fara barin kututturen itatuwa su sake tofo a gonakinsu suna yi musu aski, abin da suke kira sassabin zamani, kuma a yankin Matamai da Magarya, da ke tsallaken iyaka kaɗan daga Kongolam da Baure, gawo ya sake cika gonaki. An ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ya kai kimanin hekta miliyan 5. Ƙasarsu ɗaya da ta Daura, ruwansu bai fi nata ba, harshe ɗaya, kasuwa ɗaya.

Abin da ake bukata a ƙasar Daura bai fi ƙarfin masu iko da ita ba. Hakimai da dagatai su tsare abin da ya rage na burtali da makiyaya, su hana sare kuka da ɗorowa da aduwa. Malaman gona na KTARDA, hukumar aikin gona ta jihar Katsina, idan suna koyar da feshi, su haɗa da cewa a ware gefen gona ko kunya biyar da magani ba zai taɓa ba, a kuma sanar da masu tsinka gonar da aka fesa. Masu shirya wa mata horo su fara da gadon shanya da rumfar inuwa kafin kwalba. Maigida kuma, kafin ya saɓa tankin feshi a wannan damina, ya tambayi matan gidansa wane ɓangaren gonar suke tsinka.