Yaƙin Lugu a littafin Sarraounia na Abdoulaye Mamani: ɗan tsokaci

A cikin wannan ƴar takarda muna son mu duba yadda Abdoulaye Mamani ya sarrafa labarin yaƙin Lugu a littafinsa Sarraounia, wanda ya fito da Faransanci a Paris a 1980. Ƙidayar kurakuran tarihi ba ita ta kawo mu ba, tun da mai ƙaga labari yana da ƴancinsa. Abin da ya dame mu shi ne yadda littafin ya fassara ƙarshen Voulet da Chanoine, da abin da wannan fassara ta rufe.

Ga abin da takardun Faransawa suka aje. Ran 16 ga Afrilu 1899 rundunar hafsoshin nan biyu, wadda ta nufi tafkin Cadi, ta auka wa Lugu, garin Azna da ke ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi. Mutanen garin suka tare ta da kibau. Da wuta ta yi yawa suka ja cikin sarƙaƙiyar daji, inda aka ci gaba da gwabzawa. Rundunar ta yi asarar soja 4, wasu 6 suka ji rauni, kuma aka ƙone garin. Joalland, wanda yake cikin tafiyar, ƴan layuka kaɗai ya ba Sarauniya Mangu a littafinsa na 1930, a matsayin tsohuwar mayya.

Daga ƴan layukan nan da kuma labaran baka Mamani ya gina jaruma matashiya, wadda Dawa ya rena ya koya mata sirrin itatuwa da harbin baka. Ba mu ga laifinsa a nan ba. Mutumin da ya yi gwagwarmayar Sawaba, ya sha gudun hijira a Aljeriya, ya dawo gida ya sha kurkuku a zamanin Kunce, dole ya nemi wadda ta ƙi miƙa wuya ya sa ta gaba. Sai dai mu tuna cewa a Lugu Sarauniya sarauta ce ta addinin gargajiya da ake gada, kuma ƙarfinta yana ga tsafi da asiri. Takobin da ɗalibanmu suke gani a hannunta, yawanci daga fim ɗin Med Hondo na 1986 suka samo shi, wanda a Burkina Faso aka ɗauka, ya kuma ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Inda muke da ja shi ne batun hauka. Bayan Lugu, littafin yana nuna rundunar tana ruɓewa daga ciki: tsoron Sarauniya ya shiga zukatan sojoji baƙar fata, hankalin hafsoshi ya soma gushewa, har abin ya kai ga Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb a Dankori ran 14 ga Yuli, sa'an nan sojojin suka juya suka kashe Chanoine ran 16, Voulet kuma ran 17, a Maijirgi ta ƙasar Tasawa. Mai karatu yakan fita da jin cewa asirin Lugu ne ya bi su ya gama da su. Labari ne mai daɗin ji, kuma ya dace da yadda al'ummarmu take fahimtar alhaki. Amma abin lura, ita ma Faransa da hauka ta fassara lamarin. A can an ce zafin ranar Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar hafsoshin, har ciwon yana da suna a bakinsu. Ke nan marubucin da ya tashi rusa labarin ƴan mulkin mallaka ya haɗu da su a mahaɗa guda: idan mahaukata biyu ne suka yi ɓarnar, to wanda ya aiko su ya fita ke nan.

Tarihi kuwa bai goyi bayan wannan ba. Gwamnati ce ta tura rundunar ba da isasshen guzuri ba, a kan ta ci daga garuruwan da ta bi, kuma kame ƴan dako da ƙone-ƙone sun soma tun a bakin kogin Kwara, kafin a ji sunan Lugu. Mutuwar mutum biyu ba ta tsai da tafiyar ba. A ƙarshen watan Yulin nan Damagaram ta faɗi bayan yaƙin Tirmini, Joalland da Meynier suka zarce Cadi, kuma ran 22 ga Afrilu 1900 aka kashe Rabe a Kusuri. Abin da aka aiko rundunar ta yi, ta yi shi.

Akwai kuma Birnin Ƙwanni. A watan Mayu 1899, makonni kaɗan bayan Lugu, an yi wa mutanen birnin kisan da yana cikin mafi muni a tafiyar duka. Can ba sarauniya, ba asiri, ba sunan da maroƙi zai kama ya wasa, shi ya sa adabinmu ya daɗe yana ratsa wurin da sauri, ya mai da mamatan shimfiɗar da jaruma za ta taka ta fito. Fim ɗin African Apocalypse na 2020 ya je ya saurari jikokinsu, amma da Ingilishi aka shirya shi, don masu kallo na waje. Tsofaffin Ƙwanni da Dankori da Maijirgi da Hausa suke ba da labarin, kuma sashenmu ne ya fi kowa kusa da su.