Labarin Ƙwaƙwalwa, a Tambayi Fuska

Likitan mutane yana da gatan da likitan dabbobi bai taɓa samu ba, domin majinyacinsa yana magana. Zai ce yana gani dishi-dishi, ko rabin fuskarsa ya mutu, ko jiri na ɗibarsa. Rago kuwa ba ya cewa uffan, sai dai a same shi tsaye ya tokare kansa da bango. Ga ƙwaƙwalwa a kulle cikin ƙoƙon kai, na'urar da ke ɗaukar hotonta ko mutane da ƙyar suke samunta, balle a kai mata akuya. Duk da haka ƙwararren likitan dabbobi yakan tsaya gaban dabba da tocila da ɗan ƙullin auduga da tafin hannunsa, cikin 'yan mintoci ya faɗa maka inda ɓarnar take a cikin kai, har da ɓangaren, dama ne ko hagu. Wanda bai san kan abin ba sai ya zaci duba ne.

Sirrin yana ga wasu jijiyoyi. Waɗanda ke kai saƙo ƙafafu da gangar jiki daga laka suke fita, wadda ta bi ta cikin ƙashin baya. Amma akwai guda 12 a kowane gefe da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa, su ratso ta ƙananan kafofin ƙoƙon kai. Doki da saniya da raƙumi da kare da ɗan Adam duk adadin ɗaya ne. Ta 1 ta sansana ce, ta 2 ta gani. Ta 3 da ta 4 da ta 6 su ke juya ƙwayar ido, ta 3 kuma ita ke tsuke baƙin tsakiyar ido idan haske ya yi yawa. Ta 5 ke ɗauko jin taɓi daga fuska, ita ke ba muƙamuƙi ƙarfin tauna. Ta 7 ke motsa kunne da fatar ido da leɓe. Ta 8 ta ji ce da daidaita tsayuwa. Ta 9 da ta 10 na kula da haɗiya da murya, ta 11 na riƙe da wasu tsokokin wuya, ta 12 ke sarrafa harshe. Biyun farko suna can gaba, sauran sun jeru a gindin ƙwaƙwalwa daga gaba zuwa ƙeya, kusan bisa lambarsu. Wannan jeri shi ne jarin likita. Idan ya gano wadda ta daina aiki, ya san wurin da zai zarga.

Ba a dare ɗaya aka kai ga wannan lissafi ba. Galen, wato Jalinusu na littattafan ɗibbu, wanda ya yi aiki a birnin Rum a ƙarni na 2 Miladiyya, bakwai ya ƙirga a kowane gefe, kuma a jikin dabbobi ya yi bincikensa. Ya shahara da nuna wa taron jama'a yadda alade mai tsala ihu ke yin tsit da zarar an katse wata siririyar jijiya a wuyansa, alhali yana ci gaba da numfashi. Thomas Willis na Ingila ya mayar da adadin tara a 1664, sannan Bajamushe Samuel Sömmerring ya kawo tsarin 12 a 1778, wanda ake koyarwa har yau.

Kowane gwaji hanya biyu yake tambaya, wadda saƙo ya shiga ta cikinta da wadda amsa ta fito. Don haka gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an gwama shi da wani, kamar yadda mai gyaran wutar gida ke bin makunnai ɗaya bayan ɗaya har ya kama inda waya ta tsinke. Kafin ma ya kai hannu, gwani yakan ja da baya ya ƙare wa dabbar kallo. Kunnuwan nan a daidai suke? Kan a miƙe yake ko ya karkace? Akwai dalala? Sai ya ƙoshi da kallo yake matsowa.

Mu ɗauki ragon turke da ake ɗura wa dusa da masara saboda layya, aka wayi gari yana tuntuɓe da akurki da kwanon ruwa, yana ɗaga kai sama. Likita zai rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ya kawo ɗaya hannun da sauri wajen buɗaɗɗen idon kamar zai doke shi, ya tsaya cak kafin ya taɓa. Dabba mai gani za ta ƙifta. A nan ake bambance gwani da ɗan koyo. Idan hannun ya turo iska, ko ya shafi gashin ido, ko makahon rago zai ƙifta, sai a ba shi shaidar gani alhali ba ya gani. Shi ya sa ƙwararre ke yi da yatsu a ware, ba da faffaɗan tafi ba. Ya kuma san cewa wannan ƙiftawar koyonta ake yi, ba a haihuwa da ita. Duƙushi ko maraƙi sai ya yi kwanaki a duniya, har wajen mako biyu, kwikwiyo da ɗan kyanwa kuwa sai sun kai mako 10 zuwa 12. Wanda bai san haka ba sai ya yanke wa lafiyayyen jariri hukuncin makanta.

To, ragon bai ƙifta ba. Ko dai bai ga hannun ba, ko kuwa ya gani fatar idon ce ta kasa rufuwa. Sai likita ya ɗan taɓa kusurwar idon da yatsa. Nan take ya rufe. Ashe ta 5 ta ji taɓin, ta 7 ta ja fatar, su biyun sun fita daga zargi. Saura hanyar gani. Sai a ja ragon cikin inuwa mai duhu, a dallara masa tocila. Baƙin tsakiyar idon tumaki a kwance yake, ba zagayayye irin namu ba, kuma a hankali yake tsukewa, don haka sai an yi haƙuri. Idan ya tsuke, ido lafiya lau, ta 2 ta kai saƙo, ta 3 ta dawo da amsa. Ke nan haske yana shiga, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke fassara shi ne ya samu matsala. A rago irin wannan, abin da ke fara zuwa zuciyar likita shi ne ƙarancin bitamin B1, wanda yawan hatsi da ƙarancin ciyawa ke jawowa ta hanyar ɓata tumbi. Idan an yi allurarsa da wuri, sau da yawa dabbar kan farfaɗo. Saniyar da ta lashi tsohon batirin mota ta sha gubar dalma ma irin wannan makanta take yi. Da a ce idon bai tsuke ba, da zargi ya koma kan idon kansa ko jijiya ta 2, kamar yadda ake gani a maruƙan da suka rasa bitamin A. Tambaya uku kacal, an raba cututtukan da a idon mai kiwo duk sunansu makanta.

Haka abin yake ga akuyar da kanta ya karkace, kunne ɗaya ya langaɓe, ido ɗaya ba ya rufuwa. Ta 7 da ta 8 ke nan, kuma kan yakan karkata ne zuwa gefen da ciwon yake. Waɗannan biyun maƙwabtan juna ne a cikin ƙashin kunne, shi ya sa ruɓar cikin kunne ke kama su tare. Idan akuyar tana da kuzarinta, tana cin harawarta, likita zai leƙa kunnen. Amma idan ta yi laushi, tana zagaye gefe ɗaya, tuƙa ta taru a kumatu ta kasa taunawa, an sa mata tsinke a kafar hanci ba ta ko girgiza kai ba, to ta 5 ma ta shiga sahu, ciwon ya kai gindin ƙwaƙwalwa. Ƙwayar cutar listeriya ta yi suna da wannan. Takan shiga ta ɗan rauni a cikin baki, ta bi jijiya ta 5 har ta isa ciki, musamman a dabbar da ta ci ruɓaɓɓen abinci. A nan jinkirin yini guda na iya zama asarar akuya.

Doki yana da nasa alamun. Idan ta 7 ta mutu a gefe ɗaya, leɓensa na sama yakan karkace zuwa gefen mai lafiya, domin tsokar can ke ja ita kaɗai. Wanda bai iya ba sai ya zargi gefen da bakin ya nufa. Wani lokaci sanadin bai wuce ƙarfen ragama ba, da ya danne jijiyar a kumatu yayin da dokin ya daɗe kwance a gefe ɗaya. Akwai kuma dokin da ke gurnani ko fito idan ya ɗauki sukuwa, abin da masu dawakin folo da na tsere ke gudu. Reshen jijiya ta 10 ne ya raunana, wanda Jalinusu ya katse a wuyan alade. Reshen yakan gangara har ƙirji kafin ya juyo ya hau zuwa maƙoshi, na hagu kuma ya fi tsawo saboda sai ya kewayo babbar jijiyar jini ta zuciya. Kusan kullum gefen hagu ne ke lalacewa, kuma an fi gani a dogayen dawaki. Ita dai ta 10 ɗin ce ke motsa tumbin saniya, don haka ƙusa ko waya da ta haɗiye ta huda ciki kan bar ta da kumburin da ba ya saɓewa.

Gwajin haɗiya da na harshe su ne na ƙarshe, su ne kuma masu hatsari. Likita yakan jawo harshen saniya gefe ya ji ƙarfin da za ta janye shi da shi. Amma kafin ya kusanci baki sai ya tambayi mai dabba ko kare ya cije ta, ko an ga halinta ya sauya. Kare ko saniyar da muƙamuƙinta ya saki, tana dalala, ta kasa haɗiye ruwa, kamanninta ɗaya da wadda ƙashi ya maƙale wa, alhali tana iya zama ciwon haukan kare ne, ƙwayar cutar kuma tana cikin yawun. Gwani safar hannu yake sawa, ko ya fasa gwajin baki ɗaya ya ce a killace dabbar. Tabbacin cutar sai a ɗakin gwaji, irin na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924.

Ana koyar da wannan aiki a tsangayoyin likitancin dabbobi na jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, amma haddar lambobi 12 ba ta mayar da ɗalibi gwani. Sai ya yi ta gwadawa a kan lafiyayyun dabbobi har idonsa ya saba da daidai, sannan zai iya hango kunnen da ya ɗan sauka ko ƙiftawar da ta makara. Sai ya iya kwantar wa dabba hankali, domin tsoro kaɗai kan buɗe baƙin ido ya rikita sakamako. Sai kuma ya saba da tambayar "a ina?" kafin ya tambayi "mene ne?"

Mai kiwo ma yana da rabonsa a wannan ilimi, tunda shi ke ganin fuskar dabbarsa safe da yamma. Idan ka ga kunne ya faɗi, kai ya karkace, ido ya daina rufuwa ko dabba tana tuntuɓe da rana tsaka, ka lura da gefen da kuma lokacin da abin ya fara, ka kira likita a ranar. Kada ka cusa hannu a bakin dabbar da ke dalala, kada ka bari yara su yi. Idan yawunta ya taɓa rauni a jikinka ko ta cije ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, ka nufi asibiti, karen gida kuma a kai shi rigakafi.