Ra'ayoyin Masu Karatu Game da Ɓoyayyen Al'amari a Cikin *Jiki Magayi*

Daga cikin ƙagaggun labaran da suka biyo bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, *Jiki Magayi* na John Tafida da Rupert East ya fita daban. An gina shi a kan laifi da ramuwa a garin Galma, ba a kan yawon jarumi mai ban dariya irin na *Ruwan Bagaja* ba. Ra'ayoyin masu karatu a kansa sun kasu gida biyu.

Kashi na farko suna ganin littafin ya gaza ta fuskar zubi da tsari. A labarin bincike irin na Turawa, kamar *The Murder at the Vicarage* na Agatha Christie (1930), wanda shi ma a ƙauye aka gina shi, akan ɓoye mai laifi har ƙarshe. A nan kuwa mai karatu ya san yadda Malam Shaihu ya raba Abubakar da Zainabu, ya kuma ga yadda Abubakar ya nemo asirin da ya mayar da ɗansu Kyauta ɓarawo. Suka ce, to me ya rage a gano?

Kashi na biyu suna ganin an auna littafin da mudun da ba nasa ba. A ƙaramin gari, ko Galma ne ko Gurbin Ɓore, da wuya laifi ya rasa mai shi, domin kowa ya san asalin kowa. Abin da ke ɓoye shi ne zuciyar mutum. Kyauta ne ke cikin duhu, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba, mai karatu kuwa yana kallo ba shi da ikon hanawa.

Ra'ayi na biyu ya fi rinjaye, amma bai kore na farko ɗungurungum ba. Shigar asiri ta rage nauyin halayen taurarin, domin idan sammu ne ya sa Kyauta sata, to ba halinsa ba ne. Saboda haka Abubakar ne ainihin tauraron da ya cancanci nazari: an zalunce shi, ya rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Malamin da ya koyar da littafin bai tsaya da ɗalibansa a kan wannan gaɓa ba, labari kawai ya ba su.