TSOHON MAWAƘI: YA AJIYE KO YA CI GABA?

'Yan uwana mata, akwai maganar da ake yawan yi a gidajen biki, daga nan Dayi har Malumfashi da Funtua. Da zarar an ga tsohuwar mawaƙiya ta zauna gaban ƙwarya, sai ki ji wata ta ce, "Haba, wannan baiwar Allah ba za ta koma ga tasbaha ba?" Ni dai ban yarda shekaru ne ma'auni ba, kuma zan faɗi dalilina.

Mu fara da na gida. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, wanda ya daɗe yana zaune a Funtua, ya haura shekara 50 yana waƙa da kalangu. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa, lokacin ya riga ya wuce shekara 60. Ciwo ne ya zaunar da shi, ya rasu a Kano a 1999, aka kai shi Daura aka binne. Ki saurari kaset ɗinsa na ƙuruciya ki haɗa da na ƙarshe. Murya ta yi kauri, gudu ya ragu, amma magana ta ƙara nauyi. Shata mutum ne da yake tsara waƙa nan take a fili, kuma irin wannan baiwar da gogewa take ƙaruwa.

To, ga tamu kuma, Hajiya Barmani Choge, 'yar Gwaigwayi kusa da Funtua, wadda ta rasu a 2013. Kiɗanta na Amada kiɗan mata ne zalla: ƙore a kife, wata a bisa ruwa, mata suna kaɗawa suna amshi. Abin da take waƙa a kai shi ne abin da ke cikin ɗakunanmu, kishi, haihuwa, zaman miji, da kiran mace ta kama sana'a. Ki faɗa mini, yarinya 'yar shekara 20 za ta tsaya gaban iyayen amarya ta yi irin wannan baƙar magana a ƙyale ta? Ai furfurar Barmani ce lasisinta. Wadda ta haihu, ta aurar, ta ga jiya ta ga yau, ita ce in ta yi habaici ake dariya ana kuma ɗaukar darasi.

Kar ki zaci mu kaɗai muke wannan gardama. A Ingila ma ana yi da mawaƙan kiɗan rok. Mik Jaga na ƙungiyar Rolling Stones an haife shi a 1943, ga shi a 2023 sun fitar da sabon kundin waƙoƙi yana da shekara 80. A wannan shekarar ce kuma Elton Jon ya rufe yawonsa na bankwana. Sai dai su nasu da sauƙi, don mai dukiya in ya ajiye yana da abin da zai ci. Namu fa? Mawaƙin Hausa ba shi da fansho. Kasa-kasai aka yi ta gurza kaset ɗinsa a kasuwa ana sayarwa, yawanci ba abin da ke shiga aljihunsa. Bayansa kuma ga makaɗa, ga 'yan amshi, ga sanƙira, kowa da iyalinsa. In kin ce ya bari, tukunya nawa kika sauke?

Amma fa ba duka nake goyon baya ba. Akwai tsohon da ya daina ƙirƙira, sai dai ya ɗauko waƙar da ya yi shekara 30 da suka wuce, ya cire sunan wancan alhajin ya sa na wannan, don a yi masa liƙi. Numfashi ya ƙare, 'yan amshi ne ke ɗauke da shi, shi ko sai ɗaga hannu. Wannan kam gara ya zauna ya koyar da yara, kamar yadda 'ya'yan Musa Ɗanƙwairo suka tashi cikin amshi har suka ci gaba da kiɗan bayan rasuwarsa a 1991.

Laifin ma rabinsa namu ne, mu masu biki. Mu ne za mu aika a ɗauko mara lafiya, a zaunar da ita cikin rana tun azahar har isha, don kawai a ce wance ce ta yi wasa a bikin ɗiyata. Miriyam Makeba ta Afirka ta Kudu a Italiya ta faɗi bayan ta gama waƙa a 2008, tana da shekara 76, daga nan ba ta tashi ba. Wasu na yaba wannan, ni ko tausayi yake ba ni.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke maye gurbinsu. Yanzu sai a kira mai na'ura ya kunna, saurayi ya riƙe makirfo yana motsa baki, muryar ma ba a nan ake yin ta ba. Amare da yawa a yankin nan an kai su ɗaki ba su taɓa jin sautin ƙwarya a kan ruwa ba.