Suna a Kusurwar Bargo: Nazarin Wata Al'adar Ɗinki da Matsayinta ga 'Ya'yan Riƙo a Amurka

Bargon ƙyallaye, wanda ɗinkinsa ya daɗe da zama sana'ar mata a Amurka da Ingila, mayafi ne mai falle uku, wato fallen sama da ake harhaɗawa daga ƙananan ƙyallaye masu launi daban-daban, da auduga a tsakiya, da kuma shimfiɗaɗɗen yadi a baya, sannan a bi fallayen uku da allura a ɗinke su wuri guda domin kada audugar ta dunƙule idan an yi wanki. A bayan irin wannan bargo, galibi a wata kusurwa ta ƙasa, masu ɗinki na wannan zamani sukan ɗora wani ɗan ƙyalle da bai wuce tafin hannu ba, su rubuta masa sunan wadda ta yi aikin da garinta da shekarar da ta gama, wani lokaci kuma har da sunan wanda aka ɗinka dominsa. Wannan ƙyallen suna, duk da ƙanƙantarsa, ya ɗauki ayyuka biyu waɗanda ba koyaushe suke jituwa ba, domin yana iya zama shaidar mai ɗinki, yana kuma iya zama shaidar mai mallaka.

Aikin farko shi ne ya fi tsufa, ko da yake bai zama ruwan dare ba sai a baya-bayan nan. Akasarin barguna na ƙarni na 19 da suka kai ga gidajen tarihi ba sa ɗauke da sunan kowa, kuma waɗanda aka san masu su ƙalilan ne. Jane Stickle ta jihar Vermont ta ɗinka sunanta a kusurwar bargon da ta gama a 1863, ta ambaci cewa lokacin yaƙi ne, ta kuma ƙidaya ƙyallayen da ta haɗa, guda 5,602, saboda haka har yau ana kiran bargon da sunanta a gidan tarihi na Bennington. Harriet Powers kuwa, wadda aka haifa cikin bauta a jihar Jojiya a 1837, sunanta ya tsira ne ta dalilin wata malamar zane mai suna Jennie Smith, wadda ta sayi bargonta mai labaran Baibul a kan dala biyar, ta kuma rubuta bayanin da Powers ta yi mata game da kowane zane. Da ba a yi wannan rubutu ba, da aikin ya shiga sahun dubban da ake cewa ba a san mai su ba. A shekarun 1840, bayan da tawada mara fita da wanki ta wadata a kasuwa, an yi yayin bargon zumunci, inda mata da yawa kowacce za ta ɗinka yanki guda ta sa hannu a kansa, a haɗa a bai wa amarya ko limamin coci ko wata da za ta yi ƙaura zuwa yamma, kuma birnin Baltimore ya yi fice a wannan salo.

Abin da ya mayar da rubuta suna ya zama kamar wajibi shi ne takaicin masu bincike. A 1971 gidan tarihi na Whitney da ke New York ya rataye barguna a bango kamar zanen fenti, jama'a suka yi ta sha'awa, alhali ba a iya faɗin sunan mafi yawan matan da suka yi su ba. A 1981 aka fara aikin ƙididdigar barguna a jihar Kentucky, inda ake ware ranaku mutane su kawo na gado a ɗauki hotonsu a rubuta tarihinsu, sauran jihohi kuma suka bi sahu, kuma daga abin da iyalai suka kasa amsawa a waɗannan ranaku ne ƙungiyoyin ɗinki suka ɗauki darasin da suke ta nanatawa, cewa bargo bai kammala ba sai an sa masa suna. Shekaru shida bayan haka bargon tunawa da waɗanda cutar ƙanjamau ta kashe, wanda Cleve Jones da abokansa suka assasa, ya juya al'amarin gaba ɗaya, domin a ranar 11 ga Oktoba 1987 an shimfiɗa yankuna 1,920 a Washington, kowanne mai faɗin ƙafa 3 da tsawon ƙafa 6, gwargwadon kabari, kuma sunan da ke kai na mamacin ne, mai ɗinki ya koma baya.

A kan wannan juyi ne al'adar ɗinka wa 'ya'yan riƙo ta tsaya. Riƙon da ake nufi a nan ya sha bamban da wanda Bahaushe ya sani, inda gwaggo ko kaka ko wani ɗan'uwa ke ɗaukar yaro, yaron kuma ya ci gaba da amsa sunan mahaifinsa a cikin dangin da suka san asalinsa. A Amurka hukuma ce, da izinin kotu, take raba yaro da iyayensa saboda sakaci ko cin zarafi ko shaye-shaye, ta ajiye shi a wurin dangi ko a gidan baƙin da ta ba lasisi ko a gidan yara na haɗaka, kuma a shekarar 2020 yaran da ke cikin wannan tsari sun ɗan haura dubu 400. Sau da yawa ɗaukar takan zo ba shiri, a zuba 'yan kayan yaron a baƙar ledar shara, abin da ya sa Rob Scheer, wanda shi ma ya tashi a riƙon hukuma, ya kafa ƙungiyar Comfort Cases a 2013 domin raba jakunkuna. Yaron da aka sauya wa gida sau uku ko huɗu yakan kwana a gadon da ba nasa ba, ya rufa da mayafin da zai bari idan ya tashi. Ƙungiyoyi irin su Project Linus, wadda Karen Loucks ta fara a Colorado a 1995, da My Very Own Blanket ta jihar Ohio, wadda ta keɓe aikinta ga 'ya'yan riƙo tun 1999, suna tattara barguna daga hannun masu aikin sa kai, kuma kowane bargo yakan fita da ƙyallensa.

Ana iya kafa wa wannan aiki hujja da Donald Winnicott, likitan yara ɗan Ingila, wanda a wata maƙala ta 1953 ya bayyana yadda jariri kan riƙe wani tsumma ko ɗan bargo ya mayar da shi madadin uwa a lokacin da yake koyon rabuwa da ita. Hujjar tana da rauni, domin a bayanin Winnicott yaron ne ke zaɓen abin da kansa, ba a zaɓa masa, kuma ɗan shekara goma sha huɗu da aka miƙa wa bargo a ofishin jami'ar jin daɗin jama'a ya wuce wannan mataki da daɗewa. Amfanin sunan ya fi kusa da shari'a fiye da ilimin halayyar ɗan Adam. A gidan da yara shida suke kwana, wanki kuma ake haɗa shi wuri guda, bargon da ba shi da suna na gida ne, wanda ke da suna kuwa dole ya bi mai shi idan aka zo tafiya da shi, kuma ba mai riƙon da zai iya cewa ya manta na wane ne.

Sai dai a nan ne matsalar take. Dokokin sirri sun hana a bayyana wa baƙo sunan yaron da ke hannun hukuma, saboda haka matar da ta shafe makonni tana ɗinki ba ta san wa take yi wa ba, abin da take iyawa kawai shi ne ta bar fili a ƙyallen domin a cike daga baya. Idan jami'ar jin daɗin jama'a ta cike shi cikin gaggawa, ko ba a cike ba sam, abin da ya rage a jikin bargon shi ne tambarin ƙungiya da sunan mai bayarwa, wato alamar sadaka wadda duk abokin makarantar da ya ɗaga kusurwar zai karanta. Tarihi ya riga ya nuna yadda hukuma mai kyakkyawar niyya take iya danne sunan yaro. Asibitin tsintattun yara na Landan, wanda Thomas Coram ya samar wa izinin sarki a 1739, yakan sake wa kowane jariri suna da zarar an karɓe shi, sai a maƙala wani ƙyalle daga tufafinsa, ko wanda uwar ta bari, a littafin rajista domin ta gane ɗanta idan ta dawo, kuma kimanin ƙyallaye 5,000 na tsakanin 1741 da 1760 suna nan a ajiye. Tsari mafi dacewa, bisa la'akari da wannan, shi ne sunan yaron ya zo a sama da manyan baƙaƙe, shi da kansa ya rubuta idan ya iya, sunan yanka kaɗai ba tare da na iyali ba, mai ɗinki kuma ta taƙaita ga sunanta na farko da shekara, ƙungiya ta haƙura da tallar kanta.

Ta fuskar sana'a, masu ɗinki sun bambanta tsakanin ƙyallen da ake ɗorawa bayan an gama aiki, wanda almakashi ke iya cire shi cikin minti guda, da wanda ake ɗorawa tun kafin a haɗa fallayen uku, ta yadda ɗinkin bargon zai ratsa ta cikinsa, ko a cusa gefensa biyu a cikin kalmasar bakin bargo. Rubutun kan kasance da alƙalami mai tawada mara fita, a bi shi da dutsen guga mai zafi domin ya kama, ko kuma a yi shi da surfani, wanda ya fi jure wanki amma ba ya yiwuwa sai an san sunan tun farko. Wannan zaɓi yana da nauyi fiye da yadda ake zato, domin idan kotu ta mallaka yaron ga sababbin iyaye har abada, jihohin Amurka kan fitar da sabuwar takardar haihuwa, sunan iyali ya sauya, wani lokaci har da na yanka. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989 ta ambaci haƙƙin suna da kiyaye asali a sashe na 7 da na 8, amma Amurka ba ta tabbatar da ita ba, kuma shawarar a bar tsohon sunan a jikin bargo ko a warware shi tana hannun sababbin iyayen, sai dai in mai ɗinki ta riga ta ratsa shi da zare yadda ba za a cire ba tare da an ɓata bargon ba.