Aikin Tsohuwar Kaza

A gidan gona lissafin kaza mai ƙwai gajere ne. Ta fara saka tana da kamar wata biyar, ta zuba ƙwai kusan 300 a shekarar farko, kafin ta cika shekara biyu an loda ta a mota sai kasuwa, don cinta ya fara fin amfaninta. A tsakar gida kuwa, inda kajin Hausa ke tono a gindin turmi, sai ka iske kaza mai shekara biyar tana yawo abinta, ƙafafu duk sun yi kaushi. Baƙo zai ce tausayi ne ya hana a yanka ta. Ina! Sabo da kaza ai ba ya hana yanka. Uwargida ta bar ta ne don tana da aikin da ƙanana ba su iya ba, kuma gane wannan aikin shi ne gwanintar da ta raba mai kiwo da mai tara kaji kawai.

Kazar gida tun asali ba mai yawan ƙwai ba ce. Zubi uku ko huɗu take yi a shekara, kowanne ƙwai 10 zuwa 15, sai ta kwanta a kai. Kwancin nan shi ne jarinta. Kajin da aka inganta, irin su Shika Brown ta cibiyar NAPRI da ke kusa da Zariya, don ƙwai aka zaɓe su, kuma galibin irinsu ba su damu da kwanci ba. Wanda ba shi da injin ƙyanƙyasa, ko yana da shi babu wuta, dole ya nemi kazar da za ta zauna kwana 21 ba gajiya. Sagara a kwancinta na fari takan yi wauta: ta tashi neman abinci ta manta hanya, ƙwai ya huce, rabi ya zama baragurbi. Wadda ta yi kwanci sau goma kuwa takan fita sau ɗaya a yini, ta ci, ta sha, ta yi birgima a toka, ta koma kafin ƙwai ya ji iska. In ta fito da 'yan tsaki, idonta ɗaya na ƙasa ɗaya na sama. Inuwar shirwa na giftawa za ta yi wata 'yar ƙara, tsaki su ɓace ƙarƙashin rumbu.

Saboda haƙurin nan ne ake ba ta aikin da ba nata ba. Da damina, lokacin da zabi ke zuba, sai a kwaso ƙwan zabo a sa mata, domin zabuwa a gida ba a yarda da ita wajen reno. Ƙwan zabo yana ɗaukar kusan kwana 28, mako guda ke nan bayan lokacin da jikin kazar ya saba da shi. Ƙaramar kaza na iya tashi ta yi tafiyarta. Tsohuwa takan daure. Gwanaye ma sukan haɗa biyun: a fara sa na zabo, bayan mako guda a ƙara nata biyu ko uku, don a ƙyanƙyashe tare, 'yan tsaki su koya wa 'yan zabi bin uwa. Kowane ƙwai ana yi masa zane da gawayi, saboda wata kazar kan lallaɓo ta ƙara sabo a cikin sheƙar, a gane shi a cire.

To yaya ake sanin wadda ke saka da wadda ta ajiye aiki? Bayan isha'i ake yi, lokacin da kaji suka yi laushi. Uwargida ta shiga akurki da tocila, ta ɗauko kaza ta rungume, ta laluba ƙasusuwa biyun nan da ke gefen mafitar ƙwai. In yatsu biyu ko uku sun shiga tsakani, ciki kuma yana da taushi, wannan tana saka. In yatsa ɗaya ne da ƙyar, zanko ya yamutse ya koɗe, ta tsaya. Sai dai mai sani ba ta yanke hukunci a daren, don kazar da ke sauya gashi ko ta gama reno haka take zama na ɗan lokaci. Takan sake dubawa bayan wata guda.

Zakara ba ya samun wannan alfarma, kuma ina ganin daidai ne. Yana wuce shekara biyu zuwa uku, cararsa na nan daram amma ƙwai marasa ɗa sun fara yawa. Ana ganewa in an haska ƙwai da tocila a duhu bayan mako guda da kwanci: mai ɗa zai nuna jijiyoyi ja, marar ɗa fayau. In fayau ɗin ya yi yawa a ƙarƙashin kaji daban-daban, laifin ba na matan ba ne. Ga kuma zancen jini: zakaran da ya daɗe 'ya'yansa da jikokinsa yake bi, tsaki su riƙa fitowa raunana. Shi ya sa ake musayarsa da na wata unguwa, ɗaya ga kaji kamar goma. Sabon ba a sake shi cikin garke sai ya yi mako biyu a ware.

Warewar nan tsoron hunturu ce. Annobar Niyukasal, wadda ke murɗe wa kaza wuya ta sa ta koren zawo, da hunturu takan share unguwa cikin 'yan kwanaki, kuma sau da yawa daga kasuwa ake sayo ta. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin rigakafin I-2 mai jure zafi, ɗigo ɗaya a ido, a maimaita duk wata huɗu. Tsohuwar da ta tsallake hunturu huɗu ko biyar ta riga ta nuna ƙarfin jikinta, to 'ya'yan wa za a bari in ba nata ba?

Kulawarta ba tsada. A saukar mata da wurin kwana don tsalle ya fara yi mata wuya. Ƙwanta ya ƙara girma amma ɓawon ya yi siriri, sai a daka busasshen ɓawon ƙwai a zuba cikin dusa. Kaushin ƙafa a shafa masa mai. Lokacin sauya gashi a kife tsohuwar tukunya cike da kashin shanu da kara mai laima a kan hanyar gara da yamma, da safe a juye mata.

Ranar da ta daina saka, ta kuma daina kwanci, za ta shiga tukunya, kuma namanta sai an ba shi wuta a hankali, amma romon farfesunta kazar gona 'yar mako shida ba ta kusa da shi. Kafin ranar, uwargida ta riga ta ware sagaru biyu daga ƙyanƙyasarta ta ƙarshe, ta ɗaura musu zare a ƙafa don kada yara su kama su in an yi baƙi.