Sauyin Salon Sarrafa Harshe a Waƙoƙin Ƙungiyar AC/DC

Manazarta kiɗan rok mai tsauri sukan kasa fayafayan AC/DC, ƙungiyar da aka kafa a Ostireliya a 1973, gida biyu: na zamanin mawaƙi Bon Scott, wanda ya rasu a 1980, da na magajinsa Brian Johnson. Ta fuskar kiɗa, bambancin bai taka kara ya karya ba, domin jitar 'yan'uwan nan, Angus da Malcolm Young, ita ta riƙe zamunan biyu. A harshe aka rabu.

A fayafayan farko, musamman Powerage (1978), Scott mai ba da labari ne. Jigoginsa su ne talauci da caca da yaudarar masoya, yana sarrafa su da habaici da harshen damo, kuma yakan yi wa kansa zambo kafin ya yi wa wani. Back in Black (1980) ya fi su kasuwa nesa ba kusa ba, amma daga nan labari ya fara ja da baya, amshi ya danne baiti. Tun daga The Razors Edge (1990), inda 'yan'uwan suka karɓi tsara kalmomin, waƙar ta koma kirarin da taron filin wasa zai amsa baki ɗaya. Batsar tana nan, sai dai hikimar lulluɓe ta ta ragu ainun.